Hannuwan Mushe Sanda

A watan Oktoban shekarar da na cika bakwai, bayan an gama yankan hatsi, Inna ta ɗora mini damin kara a ka ta ce in bi yaran unguwa zuwa lakwal, wato makarantar boko. A ƙauyenmu na ƙasar Gangara ajin ƴan farko rumfa ce da ake sake ɗaurawa kowace kaka, kowane yaro da damin da zai kai. Na isa wuyana ya ƙage, na jefar da kayan a gaban wani dogon mutum mai alli a aljihu, na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a gida. Sai ya kama kafaɗata ya miƙar da ni tsaye, ya ɗauki hannuwana ya harɗe mini su a ƙirji, ya ɗan danna kaina ƙasa. "Haka ake tsayawa a gaban babba in za a yi Faransanci," in ji shi. Shi ne Mushe Sanda, malamin da ya riƙe mu har muka gama firamare; Mushe kuwa shi ne yadda muke kiran malami da Faransanci.

Kullum a gajiye muke shiga wannan rumfa. Kafin a buga ƙarfen mota da aka rataye a jikin aduwa, mun riga mun je rijiya, ga rijiyoyin Damargu da zurfi, sai raƙumi ya yi nisa da igiya kafin guga ya leƙo. Mu dawo mu taya surfe, mu kora awaki, sannan mu ruga da allo a hammata. Awakin nan kuwa biyo mu suke yi, su tsaya suna cin bangon ajin, kafin bazara duk ya zama tagogi, ta nan muke hango masu tallan fura. In an fita hutu mu baje a yashi muna carafke, bakinmu cike da magarya, wasu kuma barci ke sace su a inda suke zaune. Mushe bai cika duka kan barci ba, amma kan gaisuwa ba ya ɗaga ƙafa. "Bonjour kaɗai ba gaisuwa ba ce, tari ne," haka yake cewa. Sai ka tambayi mutum gida, ka tambayi gajiya, ka tambayi zafin rana, duk da Faransanci, hannu a harɗe, ido a ƙasa. Don neman tsokana har jakin maƙwabcinmu muke tarewa a hanya, mu jeru mu tambaye shi ya gajiya, shi kuma ya dube mu da idon wanda ya san amsar.

Mushe Sanda bai taɓa wuce Yamai ba, kuma bai ɓoye mana ba. Ina aji biyar bakina ya ja ni na tambaye shi ko da gaske haka Turawa suke tsayawa a ƙasarsu. Na zaci bulala zan sha. Ya daɗe yana kakkaɓe alli daga yatsunsa, sannan ya ce ladabi ko'ina ladabi ne. Har ya juya ga allo sai ya sake waiwayowa. "Wanda Allah ya kai can a cikinku, ya dawo ya faɗa mini ko sun gane Faransancina." Yara suka kwashe da dariya, don a lokacin ko Tanout, babban garin yankinmu, ba mu sani ba. Ni ban yi dariya ba, na ga fuskarsa, na gane da gaske yake.

Ni Allah ya kai ƙasar Turawan, bayan shekaru, da tallafin karatu. Satin farko na gaida tsohuwar da ke ɗakin kusa da nawa, na tambaye ta gajiya, ta taɓa kumatunta a tsorace ta ce ko ta yi kama da marar lafiya. Da na tambayi mutanen gidanta sai ta rufe ƙofa. A jami'a na tsaya gaban malamata yadda aka koya mini, tana magana ina kallon takalmanta. Ta katse zancen ta ce in fushi nake yi da ita in faɗa, in kuma wani abu nake ɓoyewa ta fi son ta ji shi yanzu. Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Daga nan na shiga wani sabon lakwal da ba shi da malami. Na koyi sakin hannuwa, na koyi kafe babba da ido, na koyi cewa ban yarda ba a gaban mai furfura, na koyi gaisuwar da ke ƙarewa kafin a buɗe baki. Na iya, har aka daina tambayata daga ina nake, amma gajiyar rijiya ba ta kai wannan ba.

Da na dawo aiki a Tanout aka ce mini Mushe ya yi ritaya, yana nan cikin gari. Na same shi da hantsi a kan tabarma a ƙofar gida, ya rame, carbi a hannu. Na fito daga motar aiki da jaka a kafaɗa, bakina ya riga tunanina, na gaishe shi da Faransancin can, gajere, idona cikin nasa. Ya saurara da kyau. Sai ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya sunkuyar da kai a gabana, ya tambaye ni ya hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida. Da ya gama ya koma Hausa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Rabi, sun gane?"

Na ajiye jakar, na tuɓe takalma, na durƙusa a yashi kamar ranar da na kawo masa kara. Na ce, "Kowace kalma sun gane, Mushe. Don Allah ku zauna." Ya yi hamdala ya zauna, amma har na tashi tafiya hannuwansa suna ƙirjinsa.

Yanzu ajin ƙauyenmu na siminti ne, awaki sun rasa abin ci, yara kuma suna koyon gaisuwa a wayar salula. Ni ina raba yinina tsakanin masu son in dube su da masu son in sunkuya, da yamma in koma gida ban san inda zan sa hannuwana ba. Wani lokaci ina kewar rumfar nan, lokacin da Faransanci ɗaya ne tak a duniya, kuma mai shi yana tsaye a gabanmu, kansa a ɗage. Ban sake ganin kan nan a ɗage ba.