Tsagar da Na Yi wa Maigidana

Shekarun baya ne, kada ku tambaye ni lamba, ban yi boko ba. An ajiye bindigogin tawayen farko ba da daɗewa ba, sanƙarau ya gama ɗibar yara, autata kuma tana goyon ɗanta na fari.

Ni ɗiyar Sarkin Aska ce daga ƙasar Tahoua. Babana bai bar ɗa namiji ba, aska da ƙahonsa ni na taho da su Arlit cikin ƙullin zane. Kunamar garin nan kun san ta. Duk wanda ta harba a unguwarmu wurina ake kawo shi, in yi tsaga, in kafa ƙaho, in shafa magani, kwana ɗaya ya miƙe. Ban san cewa babba, kunama takan bar shi ko da ni ko ba ni ba. Na ɗauka hannuna ne, har tafiyata ta sake.

Maigidana ya bar aikin kamfani ya kama garka a gefen gari, yana shuka salati da tumatir. Wata Talata da hantsi maƙwabcinsa na garka, wani dattijo mutumin Abzin, ya kawo shi a amalanken jaki. Maigida na zaune yana dariya, ya ɗaga ƙafa.

"Ɗiyar Sarkin Aska, yau kin samu aiki cikin gida. Kububuwa ce, ko tsawon kamu biyu ba ta kai ba."

Huda biyu ne ƙanana a idon sawu, wurin ya ɗan kumbura. Dattijon ya ƙi kwance jakinsa.

"Hajiya, wannan maciji ba a yanka wurin shi," in ji shi. "Maigidanki ruwa kawai ya tsaya sha, mu wuce likita."

Mata sun cika tsakar gida, duk ido a kaina. Na ce, "Baba, kai ka san raƙumi, ni na san jini." Aka yi dariya. Ya dube ni, ya dubi maigida, ya ja jakinsa ya tafi.

Na ɗaure ƙafar sama da gwiwa da ɗankwalina. Aminiyata ta riƙe ƙwarya. Na yi tsaga bakwai, na kafa ƙaho. Jini ya zo da sauri, na ce musu dafi ne ke fita. Na cire ƙaho, na danna auduga, ta jiƙe. Na sake wata. Aka kira azahar ina kan danna auduga. Da ya kurkure baki zai yi alwala, abin da ya tofar ja ne. Sai na ga rigarsa ta ɓaci ta baya: shaidar ƙahon da na yi masa sati guda da ya wuce, wadda ta fara warkewa, ita ma ta buɗe.

Sai da la'asar babban ɗana ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti, ko kallona bai yi ba.

Lokotoro, wato babban likitan wurin, ya kwance ɗankwalin, ƙafar ta yi baƙi. Ya ɗebi jini a 'yar kwalba ya ajiye kan tebur, ya ce kada kowa ya taɓa. Muka zauna kamar tsawon dahuwar shayi. Ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwa.

"Kin gani, Inna? Na mai lafiya da tuni ya daskare. Dafin wannan maciji hana jini tsayawa yake. Wa ya yi masa tsaga?"

Maigida ya ce, da muryar da ake ji da ƙyar, "Ni na sa ta."

Na ce, "Bai sa ni ba. Ni na yi."

Akwai allurar makarin a asibitin, tun safe tana nan cikin sanyi. Suka saka masa ta cikin ƙarin ruwa, ɗana ya ba da jininsa. Washegari jinin tsagar ya tsaya, har ya sha koko, ya tambayi wa ke ba tumatir ruwa. Amma yana ta dafe kai. Lokotoro ya ce jinin ya riga ya zuba a ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Ranar Alhamis da rana tsaka ya daina gane mu, kafin la'asar ya cika.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma musulma ce. Amma tsakanin hantsi da la'asar ni na tsaya a ƙofa na hana a kai shi. Yanzu in an kawo mini wanda maciji ya sara, ko tabarma ba na shimfiɗawa. Kada a ɗaure, kada a yanka, kada ya taka ƙafar, a nemi mota.

Dattijon Abzin ya rasu ban nemi gafararsa ba. Lokotoron an ce ya koma Zinder, ban san ko yana raye ba. Babban ɗana ya rigaye ni, bai taɓa ɗaga mini zancen ba ko sau ɗaya. Matan tsakar gidan nan sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Saura ni da aminiyata, tana Akokan, idanunta sun rufe. In na je gaishe ta sai ta ce wa jikokinta, "Ga wadda ta fi kowa hannu a Arlit." Ba na gyara mata, ba na kuma daɗewa.