Hannun Malam Damƙau

Tun yana sabon malamin Turanci ya tsinci abin da ya zame wa jama'a alaƙaƙai. Ya gani a ƙamus cewa wata kalmar Turanci mai nufin fahimta daga harshen Latin ta fito, kuma a can asalinta damƙe abu ne da hannu. Shi ke nan fa, Malam ya samu hujja! Duk wanda zai yi wa bayani sai ya cafke masa wuyan hannu tukuna, ba ya saki sai an ce, "Na gane." Ga shi Allah ya hore masa yatsu kamar filaya. Ɗalibai suka laƙaba masa Damƙau, sunan ya bi shi har gida.

Da ma a aji abin ya tsaya, da sauƙi. Ina! Mai aski ya sha damƙa da almakashi a hannu. Mai gyaran keke in ya hango shi sai ya shafa baƙin mai har gwiwar hannu. Matarsa kuwa, baiwar Allah, ta ƙware: kafin ya kai ga Latin ta ce ta gane, ta koma kan tukunyarta.

Shi dai nasara kawai yake gani. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba, abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: "Ni ban taɓa koyar da yaro ya ce bai gane ba." Da wannan magana ya yi ritaya, ita yake maimaita wa duk baƙon da ya shigo.

Da tsufa ya kama, hannun dama ya fara sanyi, kofin shayi ma suɓuce masa yake. Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti. Likitan, dattijo da furfurarsa, ashe tsohon ɗalibinsa ne. Ya russuna ya gaishe shi, Malam ya dubi 'yar yana ta washe baki.

"Malam, a matse hannuna in ji ƙarfin," in ji likita, ya miƙa.

Yatsun na taɓa wuyan hannunsa likita ya zabura. "Na gane, Malam! Wallahi na gane!"

'Yar ta tuntsire da dariya. Malam bai yi ba.

"Me ka gane, ɗana? Ai ban ce komai ba."

Likita ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"A yi haƙuri, Malam, sabo ne. Haka dukanmu muke cewa, don ka sake mu."