Biskitin Mutum Goma

Duk rijiyar da ta cushe tsakanin Bazaga da Alela, Muttaƙa ake nema. Shi ne mai yasar rijiya, mutumin da ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa, ya kwashe laka da yashi da tsofaffin gugan da suka tsinke, har ruwa ya sake ɓuɓɓugowa. Ubansa ya yi wannan aiki, kakansa ma ya yi. Kakan ne ya haƙa babbar rijiyar Bazaga, kuma tun daga lokacin ba wanda ya taɓa shiga cikinta in ba ɗan gidansu ba. Ni kuwa Badaru, taubashinsa, ni ne na gaba cikin mu huɗu masu riƙe masa igiya. Don haka in na yi maganar nauyin Muttaƙa, ba labari aka ba ni ba, kafaɗuna ne shaida.

Da yana saurayi siriri ne kamar karan dawa. Da hannu ɗaya nake zura shi, ɗayan ina cin gyaɗa. Sai Allah ya haɗa shi da Mubaraka, matar da in ta kaɗa miyar kuka da man shanu maƙwabta ke fara tuna ba su shigo gaisuwa ba. Shekara da shekaru Muttaƙa na ci yana godiya, igiya na kuka, mu ma muna yi. Bara, a wani ƙauye wajen Alela, ya maƙale a bakin rijiya, rabi ciki rabi waje, sai da aka shafe shi da man gyaɗa muka zaro shi. Matan da suka zo kallo suka yi ta dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya a gabansa ba. Sai da na zagaya bayan rumbu.

Bayan girbi babbar rijiyarmu ta Bazaga ta fara ba da ruwa ja mai yashi. Mai gari ya kira Muttaƙa ya ce masa a gaban mutane, in rani ya tsaya za a yashe ta, kuma in bai iya shiga, za a ɗauko wani daga Illela. Muttaƙa ya sunkuyar da kai. Na san shi tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. A hanya ya ce mini, "Badaru, baƙo cikin rijiyar kakana? Gara a rufe ni ciki."

Washegari na raka shi gidan likita wajen Majo Binta, babbar ma'aikaciyar lafiyar garinmu. Ta ɗora shi bisa ma'auni, ta dubi allurar, ta ce ya sauka kada ya ɓata mata kayan gwamnati. Ta yi masa bayani cewa kowane abinci yana da lissafin ƙarfinsa, ana ce masa kalori, kuma abin da jiki bai ƙona ba shi ke taruwa a tumbi. Ta ce malmala ukun da yake haɗiyewa da man shanu sun haura dubu. "Baba, ka rage," in ji ta. "Ka nemi abinci mai ƙaramar lamba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kai mu inda ta kai mu. Muttaƙa ya yi lakwal, makarantar boko ke nan, shekara biyu kafin ubansa ya cire shi ya kai shi bakin rijiya. Haruffa sun gudu sun bar shi, amma lambobi sun zauna daram, yana kuma ji da su. Ranar kasuwa ya hau amalanke ya tafi Konni, ya shiga kantin wani Sharifu, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana duba lamba. Nan ya ci karo da wani dogon fakitin biskit da ya ƙetaro iyaka, an rubuta 90 a gabansa da jan rubutu, ƙato, wanda ko mai hakiya zai gani daga bakin titi. Ya tambayi Sharifu ko wannan ce kalorin, Sharifu ya ce ita ce. Kusa da shi ga babbar kwalbar lemo mai 40. Muttaƙa ya haɗa a ka, ya ga ko fakiti uku ya ci a rana bai kai ƙurar tuwon Mubaraka ba. Ya sayi kwali biyu ya ɗaure bisa amalanke, ya dawo yana waƙa.

Daga ranar ya yi sallama da tuwo. Mubaraka ta tuƙa, ya ce an hana shi. Ta yi dambu, ya kau da kai. Ta yi fushin da sai da yayarta ta zo daga Malbaza ta ba ta haƙuri. Shi kuwa safe, rana da maraice sai ya ɗauki fakitinsa da kwalbarsa ya ɓuya a inuwar rumbu ya cinye tas, ya kaɗe garin cikin baki. In na leƙo na miƙa hannu sai ya ce, "Kai bawana, kauce. Magani na, ba a rabon magani."

Wata biyu ana haka. Ni da nake ganinsa kullum na lura wuyansa ya fara ɓacewa. Na faɗa masa, ya ce hassada ce irin ta taubasai. Ya je wajen masu sayen wake ya hau kilonsu, ya sauko yana cewa dama kowa ya san kilon 'yan kasuwa ɓarawo ne. Sai ranar da mazagin wandonsa ya tsinke yana ruku'u a sahun gaba ya yarda mu koma wajen Majo, da fakiti ɗaya a aljihu don ya nuna mata irin biyayyar da yake yi.

Majo Binta ta karɓa, ta juya bayansa, ta sa tabarau, ta matsa bakin taga. Akwai wani rubutu can ƙasa kusa da inda aka liƙe ledar, ƙanana kamar ƙwan ƙuma. Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube shi.

"Baba, tis'in ɗin nan ta biskit biyu ce kawai. Fakitin duka sun ce na mutum goma ne. Kwalbar kuma ta mutum shida."

Ni abin ya ba ni haushi, har yau yana ba ni. Wane ɗan Adam ne zai ɓare fakiti ya ci biyu ya naɗe? Wanda ya rubuta haka shi kansa bai taɓa yi ba. Sun sa lambar da za ta sa ka saya a gaba da jan fenti, sun tura gaskiyar bayan gida inda sai mai tabarau. Na buɗe baki zan zazzage musu, sai na ga Muttaƙa ya dafe bango.

"Mutum goma?" ya ce. "Majo, su wane ne? Ina suke?"

"Ba wasu mutane ba ne, Baba, lissahi ne kawai."

"A'a. An rubuta ko ba a rubuta ba? Abincin mutum goma, ni ɗaya nic canye, sau ukku kullum, a ɓoye bayan rumbu awa kura! Inna lillahi. Haƙƙin mutum tara bisa wuyana, shi ya sa wuyan yab ɓace."

Majo ta yi ta ƙoƙarin dawo da shi kan maganar tumbi, ina. A gidansu Muttaƙa ko ɗanyen goro ba a ci a gaban mutum ba a ce bismilla ba, ga shi ya kwashe wata biyu yana korar ɗan uwansa daga abincin taro. Daga gidan likita bai zame ko'ina ba sai zauren liman. Liman ya saurara, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce ba haƙƙin kowa a kansa tunda da guminsa ya saya. Muttaƙa ya yi godiya, ya fito ya ce mini Malam dai tausayinsa ya ji.

Sauran kwalin bai zubar ba, ya ma ƙaro. Amma ya kafa doka, ba a ɓare fakiti sai mutum goma sun cika. Yakan zauna gindin bedi, itacen dogon yaron nan na ƙofar masallaci, ya ƙirga kawuna. In takwas ne, sai ya tashi neman biyu. Ya je bakin kasuwa, ya je makera, wata rana har gonar Mahamman bafillace ya bi da ƙafa cikin rana, ya janyo shi daga bayan shanu don ya zo ya karɓi biskit biyu. Mahamman ya ci, ya ce da ya san don wannan ne da ya aiko da saƙon ya yafe. In mutum na sha ɗaya ya iso kuwa, sai a ba shi haƙuri, ba a rubuta da shi ba. Lemo ma haka, mutum shida, da kofin shayi.

Mubaraka ta ga dama ta samu. Ranar da ya koma wa tuwo ta ajiye masa malmala ɗaya. Ya ɗaga ido, ta ce, "Malam, tukunyag ga tawa ma ta mutum takwas ta. An rubuta a gindinta, baƙi ne yar ruhe." Bai yi musu ba. Tsoron rubutun da ba a gani ya riga ya shige shi.

Tsakanin malmala ɗaya da yawon neman na goma, Muttaƙa ya saɓe. Wuya ya dawo. Amma da rani ya tsaya, ranar yasa ta zo, na dube shi na san ƙarya ne mu huɗu mu iya. Bakin rijiya zai wuce, da ƙyar, fitowar ce abin tsoro, ga zurfi, ga shi zai jiƙe. Mai gari ya zo, mutumin Illela ma ya zo bisa kabu-kabu da igiyarsa a kafaɗa, wani ɗan tsamurmuri yana ta murmushi. Na ja Muttaƙa gefe na ce masa gaskiya, hannuna ba zai ɗauka ba, kuma ba zan yi wasa da ransa don a ce na kyauta ba.  Ya juya yana kallon duwatsun bakin rijiyar, waɗanda igiyoyin gidansu suka yi wa zane.

Sai ga Mahamman ya ajiye sandarsa ya kama igiya a bayanmu. Maƙeri ya biyo shi. Ladan ya tattare riga, mai shayi ya bar tukunya bisa wuta, liman ma da kansa ya miƙa wa wani carbinsa. Ba wanda ya kira su. 'Yan gindin bedi ne duka, masu biskit bibbiyu.

Muka zura shi. Ya ɗan gogi bakin, ya wuce. Igiya ta yi ta tafiya har ta saki, muka ji motsin ruwa, sai shiru mai tsawo. Daga baya ya ce mini tsayawa ya yi ya shafa dutsen da kakansa ya fara dasawa, kuma wai ruwan rijiya ne ya jiƙa masa fuska. Bokiti ya yi ta hawa da laka har rana ta karkata, ruwa ya fara fitowa fari. Mutumin Illela ya naɗe igiyarsa ya hau kabu-kabu.

Da lokacin fitowa ya yi, muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Badaru! Ku nawa a bisa igiya?"

Na waiwaya na ƙirga. "Mu tara!"

"Madalla," in ji shi. "Nauyin ga dama naku na, ajiya nir riƙa muku. Kowa shi ɗauki nashi!"

Muka ja.