A Aji Muke

Shekara talatin da ɗaya ban kira mahaifina Baba ba. Ba kunya ba ce, ba kuma mantuwa ba. Taurin kai ne zalla, wanda Inna take cewa kowa ya san inda na gado shi.

Malamin firamare ne. Shekara talatin da bakwai ya yi yana koyar da aji huɗu, a makaranta ɗaya, a ɗaki ɗaya mai taga uku da allo mai tsaga a tsakiya. Sau biyu aka ce ya zama hedimasta, ya ce a kai kasuwa, shi ba zai zauna a ofis yana jin muryar yara ta bango ba. Ɗalibai suna kiransa Malam Ƙugiya, don idan ka rubuta harafi mai lanƙwasa ka bar shi a miƙe, ka shiga uku. Wani yaro ya taɓa rubuta cewa sun yi baki a gidansu, yana nufin baƙi. Ya ɗaga littafin ya ce, "Madalla. To da can da me kuke cin abinci?" Yaron nan yanzu ya yi furfura, amma har gobe idan tsoffin ɗalibai suka haɗu sai sun tambaye shi lafiyar bakin gidansu.

Tsoron Allahnsa ba mai surutu ba ne. Kafin ya fita daga aji sai ya zazzage aljihunsa, kada guntun alli ya bi shi gida, wai allin na yara ne kuma za a tambaye shi. Duk shekara yakan kwafe sunayen ajinsa a wani littafi mai baƙin bango. Bayan sallar asuba zai zauna a kan darduma ya buɗe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu addu'a, har waɗanda suka girma suka daina gaishe shi a hanya.

Ina da shekara tara na faɗa ajinsa, aka ba ni lamba sha bakwai a rajista. A makon farko fensirina ya karye, na ɗaga hannu na ce, "Baba." Aji ya kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Lamba sha bakwai, nan babu baban kowa. A aji muke."

Wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jarrabawar ƙarshen shekara. Ni da 'yar wani mai wanki muka yi kunnen doki. Sai ya sake ɗaukar takardata ya duba, ya kuma dubawa, har ya gano wani harafi da ƙugiyarsa ba ta lanƙwasu sosai ba, ya cire mini maki ɗaya. Ita ta zo ta ɗaya, ni na biyu. Da muka koma gida na tare shi yana jingine kekensa, ina kuka, na tambaye shi ko ita ma sau uku ya duba tata. Mutumin da bai iya ƙarya ba, ko ta rarrashi, ya ce, "A'a. Da kai ba ɗana ba ne, sau ɗaya zan duba."

Na share hawaye na ce, "To, Malam."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar gidanmu da muke tsaye a cikinta, ya ce, "Na'am, ɗalibi."

Shi ke nan, abu ya zauna. Ni in ce Malam, shi ya ce ɗalibi, a tsakar gida, a wajen cin abinci, a gaban baƙi. Mutane suna ɗauka wasa ne tsakanin uba da ɗa, har suna sha'awa. Mu biyu kaɗai da Inna muka san ba wasa ba ne. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, daga baya ta ce Allah ya shirye mu gaba ɗaya.

Shi kansa fushin bai wuce shekara biyu ba, in faɗi gaskiya. Sauran duk nauyin baki ne. Na girma, na kama aiki a maɗaba'a, kuma ni da na rantse ba zan gaji komai nasa ba, aikina shi ne farautar ƙugiyar da ta ɓace kafin a buga littafi. Na yi niyyar faɗar kalmar ranar aurena, sai na ga jama'a sun yi yawa. Na yi niyya ranar da ya yi ritaya, ya dawo da hannu fari fat da alli ya zauna a bakin gado. Na tsaya a ƙofa, bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Malam, a kawo ruwa?"

Yayata ce ta fi matsa mini. Wata rana ta ja ni gefe ta ce, "Kai wai sai yaushe? Ka san idan ya zo kan sunanka a littafin nan, shiru yake yi ya daɗe kafin ya wuce na gaba? Ina jin sa ta taga." Na ce mata akwai lokaci. Ta ce, "Wa ya ba ka takardarsa?"

Bara ciwo ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti. Zazzaɓi ya taɓa masa tunani. Da ya ga gadaje a jere, ga farin bango, ga taga, sai ya ɗauka aji ne. Yana tsawata wa masu jinya su daina surutu. Ya sa wata nas ta ɗauko biro ta gyara takardar da aka manna a ƙofa, don an rubuta dakin magani babu ƙugiya. Ta gyara tana dariya, ta ce ai ita ma ta zauna a ajinsa.

Ranar Talata da safe likita ya ce jiki ya yi sauƙi, in Allah ya yarda Alhamis za a sallame shi. Ina zaune a gefen gadon ina goge masa hannu da tsumma mai ɗumi. Hannun ya rame, babu ko ɗigon alli a jikinsa, kuma ban taɓa ganin sa haka ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na sunkuya kusa da kunnensa, ni mai shekara arba'in, na ce, "Baba."

Ya juyo a hankali. Ya gane ni sarai. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma sai ya waiga ya dubi sauran gadajen, ya rage murya kamar mai gudun kada yara su ji.

"Lamba sha bakwai, sau nawa zan faɗa maka? A aji muke." Ya matse yatsuna. "Ka bari mu koma gida, ka kira ni haka har ka gaji."

Na ce, "To."

Ranar Laraba bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Muka kawo shi gida muka shimfiɗe shi a ɗakinsa, kusa da dardumar da littafin nan mai baƙin bango. Kafin mutane su taru na roƙi Inna da Yaya su ba ni wuri, na tura ƙofa na durƙusa a gabansa. Mun koma gida kamar yadda ya ce. Na yi ta kiransa, kuma har yau ban gaji ba.