Yadda Cikina Ya Ba da Shaida a Tamale

Kumasi zuwa Kintampo

Ana idar da sallar Asuba na bar gida a Zangon Kumasi, babbar riga a jiki, zance cike da baki. Ƙanwata Safiya, mai sayar da fura da nono a Zogbeli ta Tamale, ita ta kira ni tana kuka. An yi suna a Dungu, can gefen Tamale, ita ta kai fura, washegari mutane suka kwanta da zawo da zazzaɓi, har aka kwantar da yara a asibiti. Gari ya ce nononta ne. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne, Turanci a bakina kamar ruwa, na ce zan je in wanke ta a gaban ma'aikatan lafiya.

Ni ma na je sunan. Abin da na ɓoye shi ne tun da na dawo cikina ke yaƙi da ni.

Kafin Techiman sau biyu ina tsayar da bas. A na uku direba ya harare ni ta madubi. "Alhaji, Tamale za ka ko daji ka zo gaisarwa?" A shingen 'yan sanda na Kintampo, ana duba takardun mota ina bayan bishiya, na tattare babbar riga kamar mai tsallaka kogi.

Tamale

Muka haye gadar Buipe, da la'asar muka shigo gari. Keke mai ƙafa uku ya kai ni Zogbeli. Na tarar da Safiya ta kife ƙorai, Bafulatanar da ke kawo mata nono daga bayan gari na zaune gefenta.

"Yaya, ka rame," in ji Safiya.

"Tunaninki ne," na ce.

Da safe muka je ofishin lafiya. Wata matashiya mai suna Azara ta ce mana dasiba, wato ina kwana da Dagbani. Na gyara hula na fara jawabi da Turanci. Ban kai tsakiya ba na tambayi hanyar bayan gida, da Hausa tsantsa.

Da na dawo ta dube ni. "Baba, kai ma ka je suna? Ka sha fura?"

"Nono ba ya shiri da ni tun ina yaro. Zoɓo kawai na sha, da ƙanƙara."

Sai fuskarta ta washe kamar an ba ta kujerar Makka. Ta miƙo min wata 'yar roba mai murfi. Na ce mene ne wannan? Ta faɗa min, a gaban ƙanwata.

Ta yi mana bayani cewa a Accra akwai na'urar da ke karanta rubutun halittar ƙwayar cuta gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, kamar mai bin asalin dangi. In ƙwayar da ke cikin mutum biyu ta zo iri ɗaya sak, to daga wuri ɗaya suka kwaso ta. "Duk sauran sun sha fura, Baba. Kai kaɗai ne ba ka sha ba."

Na karɓi robar, na kuma dawo da ita a naɗe cikin hannun riga.

Zaman jira

Na zauna a gidan wani aboki a Jisonayili, ba na cin komai sai koko da magani. Bayan kusan mako biyu Azara ta kira mu. Ƙwayar cikina da ta yaran uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma an same ta a tankin ruwan da aka yi ƙanƙarar zoɓon da shi. A nonon ba a ga komai ba. Aka wanke tankin aka sa masa magani, aka zubar da sauran ƙanƙarar. Safiya ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka, Bafulatanar na shafa mata baya. Kafin in taso na ga layi a rumfarta.

Komawa gida

Bas bai tsaya domina ko sau ɗaya ba, muka iso Kumasi da magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba yaran lafiya, sai Azara, sai fasinjojin da suka yi haƙuri da ni. Amma labari ya riga ni isowa. Ina shiga masallacin unguwa liman ya juyo ya ce, "Jama'a, a bar wa Alhaji wuri kusa da ƙofa."