Sa Hannun Da Ba Naki Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ƙaninki ya kira ni ya ce kin cika a asibiti, Yaya. Ina tsaye gaban teburin da muka yi shekara goma sha shida muna aiki a kansa, sai da na dafa shi.

Aikinmu sa wa maganin dabbobi riga. Garin magani muke lulluɓewa cikin ƙananan kafso da ba su kai ƙwayar gero ba, don ya wuce tumbin saniya bai narke ba har ya isa hanji. In ya fashe a tumbi ya tashi a banza, cuta tana nan. Kafin kowane haɗi ya fita, sai kin zuba kaɗan a kwalbar gwaji, kin ajiye agogo kina jira. Shi ya sa muke ce miki Sai-an-gwada, kina amsawa kina dariya. Ban manta makiyayin da ya zo yana hawaye ba, maruƙansa uku sun mutu. Kika bar abincinki kika bi shi har garke, kika gano tauna maganin suke yi, kika nuna masa yadda zai ɗura wa sauran.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kafin ki kwanta ciwo, haɗin ƙarshe ya fashe a kwalba cikin minti goma kacal, tun lokacinsa bai yi ba, kika ƙi sa hannu. Manaja ya ce, "Haba Malama, saniya ce fa, ba mutum ba." Kika ce, "Mai saniyar mutum ne." Kika tura kwalayen haɗin ƙarƙashin tebur.

Da na koma aiki bayan rasuwarki, ƙarƙashin teburin fayau, har an share. Manajan da ko sau ɗaya bai leƙa ki a asibiti ba, shi ya fi kowa kuka a gidanku. Ruwa ba ya tsami banza. A ofis na ga takardar fitar da kaya da sa hannunki. An kwaikwaya da kyau, sai dai ke ba ki taɓa sa hannu ba sai kin rubuta mintocin gwaji a gefe. Gefen babu komai.

Ban ga kowa da idona ba, ba zan kama suna ba. Amma in shanu suka fara faɗuwa, sunanki za a kira, ke kuwa ba ki da bakin kare kanki. Don haka duk mai shagon da haɗin nan da aka fitar makon jiya ya shiga hannunsa, ya ajiye, kada ya sayar. Ƙila gobe in tarar an canja makullin ɗakin gwaji. A canja.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da ƙaninki haƙurin rashinki. Ya tsare miki sunanki yadda kika bar shi.