Ranar da Kwamfutar Anti Sakatariya Ta Sanƙare

Shekara ashirin da shida Anti Sakatariya ta yi tana buga takardu a ofishin wata makaranta. Da tafireta ta fara, da ita ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Da aka kawo kwamfuta ta daure ta koya, amma ba ta taɓa sakin jiki da ita ba.

Wata Talata da hantsi, tana shafi na goma sha ɗaya na tambayoyin jarrabawa, kibiyar da ke yawo a allon ta tsaya cak. Ta girgiza linzamin da ke juya kibiyar, ta danna nan ta danna can, shiru. Rabonta da adana aikin tun shafi na bakwai, ga shi shugaban makaranta ya ce kafin azahar yake so.

Malamin lissafi ya leƙo. "Anti, zare wayar daga bango kawai, ki huta."

Har hannunta ya kai soket, sai ta janye. Ta kira babbar 'yarta a waya.

"Umma, kar ki zare! Ki ba ta minti biyar tukuna."

Ta zauna tana kallon agogo, fankar cikin na'urar sai gurnani take. Minti biyar suka cika, ba abin da ya motsa. Ta sake kiran 'yarta.

"To danna maɓallan nan uku da na nuna miki, a tare. In akwati ya fito, ki rufe abin da ya cije."

"Ko alamarsa babu, 'yar nan."

"Saura dabara ɗaya ke nan. Danne maɓallin kunnawa, kar ki saki sai ta mutu. Ki ƙirga talatin, sannan ki kunna."

Ta yi bismillah ta danne. Allon ya yi baƙi ƙirin, ta hango fuskarta a ciki, da furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali.

Kwamfutar ta tashi. Shafi bakwai suka dawo, huɗu sun tafi. Ta sake buga su, ko ruwa ba ta sha ba, amma sai wajen la'asar ta miƙa aikin.

Shugaban bai yi faɗa ba. Yana juya takardun ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Anti. Ranar Litinin wata za ta zo, sai ki nuna mata aikin ofis."

Ta gane wadda za ta gaji kujerarta ce, ta ce to, ranka ya daɗe.

A hanyar gida 'yarta ta kira ta ji yadda aka ƙare. Anti ta ce mata komai ya tafi daidai, ta tambayi jikin jikanta.